Saran maciji da rasa gaɓa: Doguwar hanyar da matashi ke bi kafin ya sake miƙewa

A ruwayar da ta fi yaɗuwa, sunan Kaduna ya samo asali ne daga kadojin da suka cika kogin da ya ratsa garin, ko da yake Gbagyi na da tasu ruwayar da ke danganta sunan da kalmarsu ta kogi. Sai dai yaron da ya tashi a Unguwar Mu'azu a yau zai iya girma har ya yi aure bai taɓa yin ido biyu da kada a bakin ruwa ba. Kada da dorina har yanzu suna yi wa masunta ɓarna a wurare irin su Yauri da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, amma dabbar da ta fi raba matasan Arewa da hannu ko ƙafa ita ce maciji.

Mutumin birni kan ɗauka wannan matsalar ƙauye ce. Unguwar Mu'azu cike take da gidaje da shaguna da hayaniyar babura, amma iyalai da yawa a irin waɗannan unguwanni ƙafarsu ɗaya na gona. Yaro kan tafi ƙauye hutun makaranta ya taya kakanni noma, ko a aike shi bayan gari yankan ciyawar tumaki, ko ya bi 'yan uwa girbin masara da kaka. A can ne, cikin daƙiƙa guda, rayuwarsa kan sauya.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutum kusan miliyan 5.4 a kowace shekara, kuma tsakanin 81,000 zuwa 138,000 na mutuwa. Waɗanda ke tsira da rai amma a yanke musu gaɓa ko su samu wata nakasa ta dindindin sun ninka wannan adadi kusan sau uku. A shekarar 2017 hukumar ta sanya dafin maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Ranar 19 ga Satumba aka ware don wayar da kai a kan lamarin.

A nan gida, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bayyana a 2021 cewa ana samun saran maciji kimanin 20,000 a shekara, mutum kusan 2,000 na mutuwa, sannan tsakanin 1,700 zuwa 2,000 na rasa hannu ko ƙafa. Mafi yawansu manoma ne da makiyaya, kuma a ƙasar Hausa manomi da makiyayi sau da yawa yaro ne ɗan shekara 13 ko 15 da ke tafe cikin ciyawa da silifas.

Macizai uku ne ke da alhakin mafi yawan ɓarnar. Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, gajeruwa ce, da ƙyar take wuce kamu ɗaya, amma ita ta fi kashe mutane. Dafinta na hana jini daskarewa, sai a ga jini na fita daga dasashi, ko daga tsohon rauni, ko ya zuba a cikin jiki inda ido ba ya gani. Idan ba a samu magani ba, tsakanin mutum 10 zuwa 20 cikin 100 da ta sara kan mutu. Kasa kuwa jibgegiya ce mai nauyin jiki, ba ta gudu idan ta ji motsi, shi ya sa ake taka ta. Dafinta na kumbura gaɓa ya kashe tsoka. Na uku shi ne kumurci mai tofi, wanda ke shiga gidaje da dare neman ɓera da ƙwan kaji, ya sari mutum yana barci a tabarma. Saransa kan ci fata da naman da ke ƙarƙashinta, ya bar gyambon da kan ɗauki watanni.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kaso mai tsoka na ilimin da duniya ke da shi a kan waɗannan macizai a Jihar Kaduna aka tattara shi. A shekarun 1970 likitan nan ɗan Birtaniya, David Warrell, ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda shi da abokan aikinsa suka yi nazarin saran kububuwa da kasa da kumurci. Daga aikin nasu ne gwajin minti 20 ya yaɗu: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalbar gilas mai tsabta, a ajiye ba a taɓa ba. Idan bayan minti 20 jinin bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai a yi maza da allura. Har gobe da wannan gwaji ake aiki a ƙananan asibitocin Afirka da Asiya.

Sa'o'in da ake rasa gaɓa a cikinsu

A lokuta da dama dafin kaɗai ba ya isa ya sa a yanke ƙafa. Abin da aka yi bayan saran ne ke ƙarasa ta.

Abu na farko da jama'a kan yi shi ne ɗaure gaɓar tamau da igiya ko tsumma ko robar tayar keke, da nufin hana dafi hawa zuwa zuciya. Niyyar mai kyau ce, sakamakon ne ba shi da kyau. Gaɓar da dafin kasa ya riga ya fara kumburawa, idan aka datse mata jini na sa'o'i, naman cikinta mutuwa yake yi. Ana isowa asibiti da ƙafa ta yi baƙi ta yi sanyi tana wari, kuma a wannan mataki babu allurar da ke dawo da abin da ya ruɓe. Likita zai zaɓi tsakanin ƙafar da ran yaron. Irin wannan ɓarnar ce likitocin ƙashi a Arewa suka daɗe suna kokawa da ita game da ɗorin karaya da aka matse fiye da kima, wanda shi ma yana cikin manyan dalilan yanke gaɓoɓin yara.

Sai tsaga wurin da reza, da tsotsar dafi da baki, da ɗora baƙin dutse, da cusa garin magani a cikin rauni. Ga wanda kububuwa ta sara, wanda jininsa ba ya tsayawa, tsaga ƙofa ce aka buɗe wa jini. Ga kowa kuma hanya ce ta shigar ƙwayoyin cuta. Dalilin da ya sa waɗannan dabaru suka yi suna shi ne, ba kowane sara ne ke zuwa da dafi ba. Wani macijin ba shi da dafi, wani kuma ya sara bai zuba ba. Wanda ya warke a irin wannan hali sai a ce maganin ne ya yi aiki, labari ya bazu.

Abin da masana suka yi ittifaƙi a kai bai da yawa. A janye mutum daga inda macijin yake, a cire masa zobe da agogo da duk abin da zai matse idan kumburi ya zo, a hana gaɓar motsi kamar yadda ake yi wa karaya amma ba tare da matsewa ba, a ɗauke shi kada ya taka da ƙafarsa, a nufi asibiti. Idan ana son rage zafi a ba shi farasitamol, a guji asfirin da danginsa domin suna ƙara zubar jini. Ba a ɓata lokaci wajen farautar macijin.

Maganin da ke zuwa daga nesa

Asibitin da ya fi suna a wannan fanni yana Kaltungo a Jihar Gombe, inda ake karɓar dubban waɗanda maciji ya sara a kowace shekara daga jihohin da ke kewaye. Akwai kuma cibiyar Zamko a yankin Langtang na Jihar Filato. Allurar da aka fi yarda da ita, EchiTAb, da dafin macizan Najeriya aka haɗa ta, amma a waje ake yin ta. An riƙa kai macizan Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool ana tatsar dafinsu, sannan wani kamfani a yankin Wales na Birtaniya da wata cibiya a Kosta Rika su sarrafa maganin daga jinin tumaki da dawakai. An gwada nau'o'in biyu a Kaltungo, aka wallafa sakamakon a 2010. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano na cikin masanan da suka daɗe suna jan wannan aiki, suna kuma kiran a kafa masana'antar maganin a cikin gida.

Dogaro da waje na da tsada. Kamfanin Sanofi na Faransa ya daina yin allurarsa mai suna Fav-Afrique a 2014, ragowar kuma wa'adinta ya ƙare a 2016. Idan ingantaccen magani ya yanke, kasuwa kan cika da wanda aka yi don macizan wata nahiya. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa a wani asibitin karkara a Ghana, da aka koma amfani da irin wannan allura, mace-macen saran kububuwa sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100.

Ga iyalin da ke Unguwar Mu'azu, manyan asibitocin da ke kusa su ne na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, da asibitin sojoji na 44, sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Amma yaron da aka sara a gonar ƙauye, asibitin da ya fi kusa da gonar shi ne nasa, kuma yana da kyau magidancin da ke tura 'ya'yansa noma ya san tun kafin damina inda ake ajiye allurar a wannan yanki.

Bayan an fito daga ɗakin tiyata

Nan ne labaran jarida kan tsaya, nan ne kuma aikin matashin ke farawa.

Inda aka yanke na da tasiri a kan duk abin da zai biyo baya. Likitoci kan yi iya ƙoƙarinsu su bar gwiwa, domin wanda aka yanke ƙasa da gwiwa kan yi tafiya da ƙafar roba har a kasa gane shi cikin dogon wando, wanda aka yanke a cinya kuwa ƙarfin da yake kashewa a kowane taku ya fi yawa nesa ba kusa ba. A makonnin farko ana naɗe dungun da bandeji mai talewa don kumburi ya sauka ya ɗauki siffar da za ta shiga mazaunin ƙafar roba. Kuskuren da masu jinya kan yi saboda tausayi shi ne tura matashin kai ƙarƙashin gwiwa don yaro ya ji daɗin kwanciya. Idan gwiwa ta saba da lanƙwasa sai ta ƙage a haka, kuma gwiwar da ta ƙage ba ta karɓar ƙafar roba sai da wahala. Shi ya sa masu gashin ƙashi ke tilasta miƙe ta da kwanciya rubda ciki, ko da yaron na kuka.

Sai kuma abin da ke rikita iyaye. Yaro zai ce yatsun ƙafar da aka yanke na yi masa ƙaiƙayi, ko tafin hannun da babu shi na zafi kamar an ɗora garwashi. Wasu kan fara zargin iska ko sammu. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa na jin haka, domin ƙwaƙwalwa na riƙe da taswirar jiki cikakkiya, jijiyoyin da aka datse kuma ba su daina aika saƙo ba. Akwai magunguna, akwai kuma wata dabara mai arha da masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran ya fito da ita a shekarun 1990: a tsayar da madubi yadda hoton lafiyayyar gaɓar zai maye gurbin wadda babu, mutum ya riƙa motsa ta yana kallo. Wasu na samun sauƙi da hakan.

Bambancin matashi da babba shi ne jikinsa bai gama girma ba. Ƙafar da aka auna masa yana ɗan shekara 13 za ta yi masa gajarta kafin ya kai 15, mazauninta ya matse shi ya fara yi masa gyambo. A wasu yaran ƙashin dungun kan ci gaba da tsiro ya yi tsini har ya nemi huda fata, sai an sake tiyata. Don haka ƙafar roba ga yaro ba saye ɗaya ba ce. Attajiri ko ɗan siyasa kan saya wa yaro guda ɗaya a ɗauki hoto, bayan shekara biyu a tarar da ita jingine a lungun ɗaki, yaron ya koma kan sanda.

Yanayi ma na da nasa hukunci. Zafin bazara na tara gumi a cikin mazaunin, hunturu na tsattsage fata. Ga zaman tabarma, da tsugunno a banɗaki, da cire takalmi a ƙofar masallaci, abubuwan da ƙafar da aka ƙera don mai zama a kujera ba ta yi tanadinsu ba. Irin wannan matsala ce ta sa a 1968 wani likita da wani maƙeri a birnin Jaipur na Indiya suka ƙirƙiro tafin ƙafar roba mai lanƙwasuwa, wanda ake tafiya da shi ba takalmi, a tsuguna, a shiga laka.

A Arewa, wurin da aka fi sani da ƙera gaɓoɓin roba shi ne Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tallafa wa sashen na Dala, sannan ta gina wata cibiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da aka buɗe a 2020. A Legas akwai Gidauniyar Irede da Crystal Chigbu ta kafa a 2012, wadda ke samar wa yara gaɓoɓin roba tana sauya musu yayin da suke girma.

Yarinyar Hawai

Labarin da duniya ta fi sani a wannan babi na wata Ba'amurkiya ce, Bethany Hamilton. Ranar 31 ga Oktoban 2003, tana da shekara 13, tana kwance a kan allon wasan hawa igiyar teku a tsibirin Kauai na Hawai, wani ƙaton kifin shak ya cire mata hannun hagu daga kusa da kafaɗa. Ta zubar da fiye da rabin jinin jikinta. Kimanin wata guda bayan haka ta koma teku. A 2005 ta ci gasar ƙasa, a 2016 ta zo ta uku a wata babbar gasar ƙwararru a Fiji, inda ta doke zakarun duniya masu hannu biyu. An yi fim a kan rayuwarta a 2011 mai suna Soul Surfer.

Akwai darasi biyu a labarin da ake yawan tsallakewa. Na farko, abin da ya ceci ranta shi ne mahaifin ƙawarta da ya ɗaure dungun tamau da igiyar allon. Wato ɗaurin da ke kashe ƙafar wanda maciji ya sara shi ne ke ceton wanda kada ko dorina ta yaga jini na tsartuwa. A na biyun jini ake tsayarwa, a na farkon jinin ne gaɓar ke buƙata. Rikita waɗannan biyun na jawo asarar rai ko ta gaɓa.

Na biyu, an kai ta asibiti nan take, aka tarar ɗakin tiyata a shirye domin mahaifinta ne ke shirin shiga aikin gwiwa a safiyar, sai aka saka ta a madadinsa. Ta samu iyayen da suka gyara mata allo suka sa masa mariƙi, da jama'ar da suka tara mata kuɗi. Ƙarfin halinta gaskiya ne, amma bai tsaya shi kaɗai ba. Idan aka ɗauki labarinta aka ɗora wa yaron da aka kawo asibiti a bayan babur kwana uku da sara, aka ce masa ya yi koyi, an yi masa rashin adalci. Abin lura kuma, ta zaɓi yin mafi yawan harkokinta ba tare da hannun roba ba. Ga wanda ya rasa hannu, koyon aiki da ɗayan kan fi amfani a kan hannun ado.

Gida, makaranta da doka

Ciwon zuciya kan daɗe fiye da na jiki. Binciken da likitoci suka yi a kan majinyatan Kaltungo ya gano cewa da yawansu na fama da baƙin ciki mai tsanani da firgici bayan sun warke. Ga matashi abin ya fi nauyi, domin shekarun ne da yake damuwa da yadda tsara ke kallonsa. Budurwa kan fara tunanin aure, saurayi kan daina fita dandali. Wanda ya rasa hannun dama zai koyi ci da rubutu da gaisawa da hagu a cikin al'ummar da ke kallon hagu da wani ido, kuma ya fi samun sauƙi idan malamin unguwa ya yi masa bayani a sarari cewa lalura ta ɗauke masa wannan, alwalarsa kuma ta inganta da wanke abin da ya rage.

Haɗari biyu ne ke jiran yaron a gida. Ɗaya shi ne a tausaya masa har a hana shi ɗaukar ko da buta. Ɗayan shi ne a ga nakasar ta zama hanyar samu a tura shi bakin titi bara. Duka biyun na raba shi da makaranta, wadda ita ce ta fi komai yanke hukunci a kan makomarsa, tunda noman hannu da kiwo sun yi masa wuya. Ɗinki, da gyaran waya, da aikin kwamfuta, da kasuwanci ba su tambayar ƙafa nawa mutum ke da ita. Wasanni ma ƙofa ce: Najeriya na da tawagar ƙwallon ƙafa ta waɗanda aka yanke wa gaɓa, Special Eagles, wadda ta buga gasar cin kofin duniya a Meziko a 2018.

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta haramta amfani da su wajen bara, ta kuma tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya nuna musu wariya. Ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma duk wanda ya zagaya makarantu da ofisoshi zai ga matakalai da yawa na nan yadda suke. Iyayen da suka san da dokar na iya zuwa wurin shugaban makaranta su nemi a sauko da ajin ɗansu ƙasa, a matsayin haƙƙi.

Daga Kaduna zuwa Dala tafiyar sama da kilomita 200 ce, kuma ba sau ɗaya ake zuwa ba: akwai awo, akwai gwaji, akwai koyon taku, sannan a dawo gyara duk lokacin da mazaunin ya fara matsewa. Alamar da ake dubawa a gida ita ce jan tabo a fatar dungu. Idan an cire ƙafar roba ya wuce minti 15 zuwa 20 bai baje ba, lokacin komawa ya yi.